Sharhi a kan Kwaikwayon Ƙunar Injin Gas da Kwamfuta, Bisa Ma'aunin Injinan Anka da Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani reshe na ilmin injiniya wanda ya bunƙasa ƙwarai daga shekarun 1980 zuwa yau, watau amfani da kwamfuta wajen kwaikwayon yadda mai yake ƙonewa a cikin injin gas, wanda waɗansu ke kira injin dizal, da kuma neman saitin da ya fi dacewa da shi. Wannan reshe ya shigo manyan makarantunmu, har ɗalibai da dama suna rubuta kundayensu na neman digiri a kansa. Tun da yake haka ne, ya wajaba mu da muke koyarwa mu tsaya mu auna shi, mu ga inda ya yi amfani da inda ya gaza.

Ma'aunin da na ɗauka shi ne injinan da ke aiki a yammacin Jihar Zamfara, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ƙananan injina suke niƙan hatsi, suke casar shinkafa, suke jawo ruwa daga Gulbin Zamfara zuwa fadamu, suke kuma niƙan dutsen zinariya. Abin da takardar za ta nuna shi ne, kwamfuta gaskiya take faɗa a kan injin da aka ba ta labarinsa, amma injin da aka saba ba ta labari ya sha bamban da na waɗannan ƙasashe ta wajen mai da iska da ƙira. Har ila yau, abin da ake kira "saitin da ya fi dacewa" hukunci ne na ɗan Adam, kuma sau da yawa yakan bar mutanen da ke zaune kusa da injin a bayan lissafi.

2.0 Yadda Wuta ke Kamawa a Injin Gas

Kafin a shiga sharhi, yana da kyau a tuna da abin da ake kwaikwaya. Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta. Injin gas kuwa, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a garin Agusburg a 1897, ba shi da fulogi. Iska zalla yake shaƙa, fistan ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 14 zuwa 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci sai nozul ya fesa mai, man ya tarwatse ya zama tururi, ya gauraya da iskar, ya kama da kansa.

Tsakanin fara fesawa da kamawar wuta akwai ɗan jinkiri, wanda a ƙa'ida bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan ba. Mai sauraro zai ce wannan ai ba kome ba ne. To, amma injin da ke juyi 2,000 a minti, a cikin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ƙarfen juyinsa ya riga ya karkata digiri 12. Idan jinkirin ya yi tsawo, mai ya taru da yawa kafin ya kama, sai ya fashe gaba ɗaya, a ji injin yana buga guduma. Idan kuma iska ta kasa isa cikin feshin, sai man ya gasu maimakon ya ƙone, ya fito baƙin hayaƙi mai kunkunniya.

A nan ne matsalar da ta daɗe tana damun masana ta samo asali. Idan aka gaggauta feshi, wuta ta yi zafi sosai, kunkunniya takan ragu, amma zafin nan yakan haɗa naitirojin da oksijin na cikin iska su zama wata iskar guba mai cutar huhu, kamar yadda masanin Rasha Zeldovich ya bayyana a 1946. Idan aka jinkirta feshi, gubar ta ragu, sai kunkunniya da shan mai su ƙaru. Gaba kura, baya sayaki. Neman mafita tsakanin waɗannan biyu shi ne babban aikin da aka ɗora wa kwamfuta.

3.0 Abin da Kwamfuta ta Cim Ma

Adalci ya sa a fara da yabo. Kwaikwayon ƙuna iri biyu ne. Na farko shi ne mai sauƙi, wanda yake ɗaukar cikin silinda kamar ɗaki guda mai zafi ɗaya da matsi ɗaya, ya yi amfani da ƙa'idar da injiniyan Tarayyar Sobiyet Ivan Wiebe ya fitar a shekarun 1950 don ƙiyasta yawan man da ya ƙone a kowane digiri na juyi. Na biyu shi ne mai zurfi, wanda yake yanka cikin silinda zuwa dubban 'yan gurabe kamar saƙar zuma, ya bi motsin iska da ɗigon mai da zafi daga gurbi zuwa gurbi. Mafi shahara a farkon wannan iri shi ne tsarin KIVA, wanda ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka ya fitar a 1985, ya kuma sabunta shi a 1989 da 1993 da 1997.

A 1997 John Dec na ɗakin bincike na Sandia ya haska cikin injin mai tagar gilashi da hasken leza, ya nuna cewa kunkunniya a tsakiyar feshin take taruwa, inda mai ya rinjayi iska, ita kuwa wuta mafi zafi a gefen feshin take ci. Wannan aiki ya gyara fahimtar masu rubuta lissafin ƙuna ƙwarai da gaske. Sai kuma a shekarar 2000 Peter Senecal da Rolf Reitz na Jami'ar Wiskonsin suka haɗa KIVA da wata dabara wadda ta yi kama da yadda manomi yake zaɓen iri. Kwamfuta takan gwada saiti iri-iri, ta ware waɗanda suka fi kyau, ta aurar da su, ta sake gwada 'ya'yansu, haka-haka har zuriya masu yawa. Da wannan hanya suka sami saitin da ya rage iskar gubar nan zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, ya rage kunkunniya da rabi, ya kuma rage shan mai da kimanin kashi 15 cikin 100.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan masana ba su tsaya ga allon kwamfuta ba. Sun koma kan injin Caterpillar na ɗakin gwajinsu sun tabbatar da abin da lissafi ya faɗa. Ƙarfin wannan fanni duka a kan wannan al'ada ya dogara: a auna, a kwaikwaya, a koma a sake aunawa. Duk inda aka yanke wannan igiya, abin da ya rage hoto ne mai launi.

4.0 Injin da ke Yammacin Zamfara

Yanzu bari mu ɗauko wannan ilmi mu kawo shi gida. Kowane kwaikwayo yana buƙatar a gaya masa abu uku tun farko: irin man da za a ƙona, halin iskar da za a shaƙa, da ƙirar injin. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

4.1 Mai

Man gas na gaskiya gaurayen ɗaruruwan sinadarai ne. Domin kwamfuta ba za ta iya bin su duka ba, masu kwaikwayo sukan wakilce shi da sinadari guda mai tsabta, galibi wanda ake kira heftan, saboda saurin kamawarsa ya yi kusa da na man gas mai kyau. Ana auna wannan saurin kamawa da lambar sitan. Dokar Turai ta ce kada ta gaza 51, ta Amurka kuwa 40. Ke nan ko tsakanin ƙasashen da suka ƙirƙiro lissafin, man ba ɗaya ba ne.

A wajenmu bambancin ya fi haka. Tun 2009 Turai ta ƙayyade farar wuta a cikin man gas kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta a kan man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta sami samfurin da ya ninka haddin Turai sau 378, kuma a lokacin dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000. A watan Disamba na shekarar, Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja za su sauko zuwa kashi 50, amma aiwatarwa ta ɗauki shekaru. Farar wuta tana ƙara ƙurar hayaƙi, tana cin ƙarfe, tana kuma kashe na'urorin tace hayaƙi na zamani.

Daɗin daɗawa, man da ke isa injin ƙauye yakan bi ta hannuwa da yawa, daga tanka zuwa durom, daga durom zuwa jarka, daga jarka zuwa galan ko kwalba. A kan wannan hanya ruwa da ƙasa sukan shiga, wani lokaci kuma a surka shi da kananzir. Kananzir ba shi da santsin man gas, don haka yakan cinye famfon feshi da nozul. Kwaikwayon da aka gina a kan sinadari guda mai tsabta ba shi da abin da zai ce game da wannan galan.

4.2 Iska

Masana'antu sukan rubuta ƙarfin injin bisa iska mai zafin digiri 25 a daidai bakin teku. A Gummi da Anka zafin bazara yakan haura digiri 40. Lissafi mai sauƙi ya nuna iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 25 sakayau da kimanin kashi 5 cikin 100, sa'an nan kowane mita 100 na tudu yana rage matsin iska da fiye da kashi 1 cikin 100. Famfon ƙaramin injin bai san da wannan ba. Man da ya saba turawa shi zai tura, iska kuwa ta ragu, sai hayaƙi ya ƙaru.

Wanda ya fi zafi ɓarna shi ne ƙura. Ban da hazon hunturu, injin niƙa a cikin ƙurar da shi kansa yake tayarwa yake numfashi, kuma ba abin mamaki ba ne a ga matatar iskarsa ta tsage ko an cire ta ɗungum don ta toshe. Idan garin dawa ne da sauƙi. Idan kuwa garin dutse ne, to tamkar an zuba yashi a silinda ke nan. Ringi ya cinye, matsi ya zube, iska ta kasa yin zafin da ake so, jinkirin kamawa ya yi tsawo, injin ya ƙi tashi da safe. A cikin kwaikwayon da aka saba yi, silinda sabuwa ce fil, kuma haka za ta zauna har abada.

4.3 Ƙirar Injin

Injinan da ake rubuta yawancin lissafin zamani dominsu suna da bututun mai na tarayya, wanda ya fara shiga ƙananan motoci a 1997. Yakan fesa mai da matsin da ya kai ninkin nauyin iskar sarari sau 2,000, kuma wata 'yar kwamfuta ce ke rarraba feshin kashi-kashi a cikin bugu guda. Injin ƙauye kuwa mai silinda ɗaya ne. Ko dai jikan Lista ne, watau ƙirar kamfanin Lister na Ingila mai doki 6 da juyi 650 a minti, wadda masana'antun Rajkot a Indiya suka ci gaba da kwaikwaya bayan kamfanin ya daina yin ta a 1987, ko kuwa ɗan Sin ne irin S195 mai doki 12. Nozul ɗin irin waɗannan yakan buɗe a matsin da bai wuce ninki 100 zuwa 200 ba. Da yawa daga cikinsu kuma ba kai tsaye suke fesa mai a kan fistan ba, sai a wani ɗan ɗaki na gefe inda iska ke juyawa, alhali hoton Dec na feshin kai tsaye ne.

Idan muka koma ga aikin Senecal da Reitz, abubuwan da kwamfutarsu ta yi ta juyawa su ne lokacin feshi, da matsinsa, da rarraba shi gida biyu, da yawan hayaƙin da ake mayarwa cikin silinda, da ƙarfin iskar da ake cusawa. A cikin waɗannan duka, ɗaya kaɗai ne makanikin Bukkuyum yake da iko sosai a kansa, watau lokacin feshi, shi ma ta hanyar ƙara ko rage 'yan siraran faifan ƙarfe a ƙarƙashin famfo. Saboda haka amsar da kwamfuta ta bayar, kome kyanta, umurni ne ga hannun da ba shi da abin murɗawa. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

5.0 Ya Fi Dacewa ga Wa?

Wannan shi ne kashin bayan sharhin. Kwamfuta ba ta san kyau da muni ba. Mai bincike ne yake rubuta mata ma'auni, ya ce kaza ne nauyin shan mai, kaza ne na iskar guba, kaza ne na kunkunniya, ita kuma ta nemo saitin da ya fi samun maki. A Turai da Amurka dokar hayaƙi ce take ba da wannan nauyi. Haɗarin da ke cikin bin maki ya fito fili a watan Satumba na 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu gas wani tsari da ke gane lokacin gwaji. A ɗakin gwaji motar takan bi doka, a kan titi kuwa iskar gubarta takan ninka haddi har sau 40. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11. Masu bincike na Jami'ar Wes Bajiniya ne suka fara gano bambancin, kuma da aunawa a kan titi suka gano shi. Wannan ha'inci ne da gangan, ba laifin lissafi ba, amma ya nuna yadda injin yake iya cin jarrabawa ya faɗi a rayuwa.

A yammacin Zamfara ba mai auna salansar injin niƙa. Ma'aunin mai injin shi ne aljihunsa, musamman tun 2022, shekarar da litar man gas ta tashi daga ƙasa da naira 300 zuwa fiye da naira 800. Abin da yake so shi ne galan ya daɗe, injin ya tashi da bugu ɗaya, kayan gyara su samu a kasuwa mafi kusa. Akwai kuma mutum na uku wanda ba a taɓa tambaya ba, watau yarinyar da aka aiko niƙa, wadda take tsaye a rumfa tana jiran layi. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankarar huhu. Saitin da ya fi dacewa da aljihun mai injin ba lalle ne ya dace da huhun yarinyar nan ba.

Tarihin ƙasashen nan ya ba mu darasi mai ɗaci a kan abin da ke faruwa idan aka ja iyakar lissafi kusa ƙwarai. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta lura da mutuwar yara ba ƙaƙƙautawa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma an juya injinan niƙan hatsi zuwa niƙan wannan dutse a cikin gari, har ma a cikin gidaje. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida ya sami cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin wata goma sha biyu. Jimillar yaran da aka rasa ta haura 400. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013. Allah ya jiƙansu.

Ba ina cewa ƙunar mai ce ta kashe yaran nan ba. Dalma daga bakin niƙa ta fito, kuma ko injin fetur ne ke jan bel ko na gas, ƙurar ɗaya ce. Abin da nake nufi shi ne, da a ce an kai ɗaya daga injinan nan gaban mai kwaikwayo a 2009, da iyakar aikinsa ta tsaya a bangon silinda. Da ya rage masa shan mai, da ya sauƙaƙa tsadar niƙa, da an niƙa dutse fiye da da, kuma bisa ma'aunin fanninsa da ya ci nasara. Ana ga yaƙi, shi yana ga ƙura, ko kuma a wannan karon ma a ce ƙurar ce yaƙin, bai gan ta ba. Ba za a zargi masanin ƙuna don bai zama likita ba. Amma malamin da ke koyar da shi a ƙasar da wannan abu ya faru ba shi da uzurin barin ɗalibi ya ɗauka cewa injin a sarari yake rataye, ba bel, ba rumfa, ba mutane.

6.0 Yadda Fannin ya Shigo Makarantunmu

Yau ɗalibi yana iya samun tsarin kwaikwayo ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Akwai OpenFOAM, wanda aka sake wa kowa tun 2004, akwai kuma Diesel-RK na Jami'ar Bauman da ke Mosko. Wannan alheri ne. Sai dai sauƙin ya zo da aibu guda uku waɗanda duk mai duba kundaye zai iya shaidawa.

Na farko, rashin komawa ga injin. Ɗalibi yakan ɗauko girman silinda daga wata maƙala, halin mai daga wata, ya bar sauran lambobi yadda masu tsarin suka ajiye su, ya fitar da zane-zane masu ja da shuɗi. Ba a auna matsin silinda ba, ba a auna ko shan mai ba. Ƙa'idodin kunkunniya da na ƙuna suna da lambobin da dole a daidaita su da kowane injin. Wanda bai daidaita ba, injin wani ya kwaikwaya.

Na biyu, yawan lambobi bayan ɗigo. Za ka ga an rubuta cewa wani saiti ya rage shan mai da kashi kaza da ɗigo kaza da kaza, alhali ba a san lambar sitan ta man ba, ko kusa. Daidaiton amsa ba ya wuce daidaiton abin da aka shigar.

Na uku, batun man tsirrai. Yawancin ayyukanmu a wannan fanni sun karkata ga man cin-da-zugu da na darbejiya da na aduwa. Tunanin mai kyau ne, kuma tsoho ne, domin tun a bikin baje koli na Faris a 1900 aka nuna injin gas yana aiki da man gyaɗa. Amma ɗanyen man tsirrai ya ninka man gas kauri kamar sau goma, kuma ɓarnarsa a hankali take bayyana: nozul ya yi ƙanzo, ringi ya maƙale, man injin ya gurɓace, bayan sa'o'i masu yawa na aiki. Kwaikwayon bugu guda, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, ba zai nuna wannan ba. Idan aka dogara da shi aka ba manomi shawara, shi ne zai biya kuɗin gyara.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Ba manufar wannan sharhi ba ce a yi watsi da kwamfuta. Manufar ita ce a mai da ita kan injinmu. Bisa ga abin da ya gabata, ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a fara da awo. Da silin da agogo da ma'aunin zafi da ma'aunin juyi, ɗalibin kwaleji zai iya auna man da injin niƙa ke sha a kan kowane buhu, da sanyin safiya da tsakar rana, da matatar iska da kuma babu ita, kafin gyaran nozul da bayansa. Irin waɗannan alƙaluma su ne abincin da kwaikwayo yake buƙata.

Na biyu, a fifita kwaikwayo mai sauƙi wanda aka daidaita da injin gida a kan mai zurfi wanda aka aro. Ɗalibin da ya rubuta lissafin ɗaki guda da hannunsa, ya ga yadda zubewar matsi ke tsawaita jinkirin kamawa, ya fi wanda ya danna maɓalli sanin injin.

Na uku, abubuwan da za a ba kwamfuta ta juya su zama waɗanda makanike zai iya taɓawa: lokacin feshi, matsin buɗewar nozul, girman fuli, nauyin aikin da ake ɗora wa injin, da lokacin wanke matata. Su kansu makanikai a ɗauke su abokan bincike, domin kunnensu ya daɗe yana rarrabe bugun injin mai lafiya da marar lafiya, launin hayaƙi kuma littafi ne a wurinsu: baƙi mai ya yi yawa, fari mai bai kama ba, shuɗi man injin ne ke ci.

Na huɗu, a faɗaɗa ma'auni. Duk kundin da ya yi da'awar samo saitin da ya fi dacewa, a tambayi mai shi: ya dace da wa, a ina injin zai zauna, me yake ja, ina salansarsa ta fuskanta, su wa ke shaƙar abin da ke fitowa ta gaba da ta baya? Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da kwalejojin ilmi na Maru da Gusau, duk suna kusa da waɗannan injina, kuma malaman fasaha da ake yayewa a kwalejojin ilmi su ne za su koyar da makanikan gobe, da harshen da suke ji.

A taƙaice, masanan da suka gina wannan fanni sun yi wa injinansu da dokokinsu aiki, kuma sun yi shi da gaskiya, domin sun riƙa komawa su auna. Abin da ya rage namu ne. Idan za mu ara daga gare su, to mu ari al'adarsu ta aunawa kafin mu ari lambobinsu, mu kuma tuna cewa mutanen Dareta da 'Yargalma da Bagega sun riga sun biya farashin sanin inda iyakar injin take. Sai an gwada akan san na ƙwarai.